Masassaƙin da Ya Sare Inuwar Ƙofar Gidansa

Tunda ka ce gidan ya yi maka faɗi bayan rasuwar nan, har ba ka son jin sallamar kowa, gyara zama ka ji misalin wani masassaƙi. Su biyu ne, shi da wansa, shekara arba'in suna sassaƙa turmi da akushi a gindin wata bishiyar kawo da ke ƙofar gidansu. In wan ya sauke gizago sai ƙanen ya ɗaga nasa, har maƙwabta kan gane lafiyarsu daga ƙarar sara. Da wan ya rasu sai gizago ɗaya ya rage, ƙarar gizago ɗaya kuwa ba ta da daɗin ji. Ba wai mutane sun guje shi ba ne. Tsofaffin unguwa na nan suna dara a inuwar kawon kullum da hantsi, masu tallar nono na sauke ƙwarya su huta, kuma da wuya a tashi ba a tuno wani barkwancin marigayin an yi dariya ba. Sai dai shi dariyar ba ta shigarsa. Kewa ta cika masa ciki, yana zaune cikin mutane kamar baƙon da bai jin yaren gari.

Wata damina ya shiga kurmi neman itace, yunwa ta kama shi, sai ya ga naman kaza ya fito a jikin wani ruɓaɓɓen kawo da ya daɗe da faɗuwa, launinsa kamar tsatsa. Ya ɗauka irin na miya ne, ya gasa ya ci. Ashe wani iri ne mai juya hankali, wanda ko maharba kan shekara goma ba su gamu da shi ba. Can sai ya ga ganyaye suna numfashi, ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa, sannan ya ji sara daga bayan itatuwa, irin saran wansa sak, mai ɗan jinkirin nan na ciwon kafaɗa. Ya ɗaga gatari ya sara, aka amsa masa. Ya sake, aka sake amsawa. Haka ya yi ta yi yana hawaye har la'asar, kafin amai da ciwon kai su sauke shi, ya rarrafo gida da ƙyar. Da mai hankali ne, da ya gode wa Allah da ya tsira da ransa. Shi kuwa gani ya yi ya samo hanyar komawa wurin ɗan'uwansa.

Damina uku yana zarya cikin kurmin nan, ƙaya ta yage masa riga, ƙafa ta tsattsage, bai sake ganin irin naman kazan ko guda ba. Gungumen ma gara ta cinye shi ya koma ƙasa. To, ka san kowa da inda saninsa ya tsaya. Masassaƙi itace ya sani, don haka ya yanke cewa sirrin yana jikin itacen ne: mataccen kawo ake bukata, shi ke nan. Ga kawo kuwa a ƙofar gidansa, wanda ya fi na kurmin kauri. Ran nan ya wasa gatari ya zagaye ɓawon bishiyar da sara, ya bar ta ta mutu a tsaye. Ganye ya yi ta zuba a kan ramukan dara. Wani tsoho daga cikin 'yan darar ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, me bishiyar nan ta yi maka?" Ya juya masa baya ya shige gida. Da ta bushe ya kayar da ita, ya ɗebo ƙasar kurmi a buhu ya shafe gungumen da ita, ya kewaye shi da ƙaya don kada wani ya zauna a kai, ya shiga ɗibar ruwan rijiya yana zubawa safe da yamma.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, naman kazan nan a duhuwar kurmi ya gan shi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Inuwar da abin yake so, ita ya sare da hannunsa. Rana ta samu fili ta yi ta dukan gungumen, ya zuba ruwa ta shanye, itacen ya ƙeƙashe ya tsattsage, ko gansakuka bai fitar ba. Tsofaffin nan ba su yi fushi da shi ba, amma tsoho ba ya zama a rana. Suka kwashe 'ya'yan dararsu suka koma gindin wata tsamiya can bayan masallaci, masu nono ma suka sauya hanya. Sai a lokacin ya gane cewa a inuwar nan ake ambaton wansa, a can ake kwaikwayon muryarsa da yadda yake tsokanar mutane, a can ake yi masa addu'a. Yanzu sai a yi wata guda kunnensa bai ji sunan marigayin daga bakin kowa ba. Har saiwar da wan yake zama a kai, wadda zamansa na shekara arba'in ya sa ta yi santsi, shi da kansa ya datse ta ranar da ya kayar da bishiyar. An ce an daɗe ana ganinsa da tsakar rana zaune kusa da gungumen, guga a gefensa, ba mai gaishe shi sai ƙadangaren da ke gyaɗa kai a kan itacen.

Don haka in mutane sun yi maka sallama, ka fito ka shimfiɗa musu tabarma, abin da ya rage maka na mamacin yana bakinsu. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, akan rasa ido.