Hoton Safiyar Lahadi

Da sandar ƙarfe suka fasa gilashin ƙofar ofis. Kafin ma'aikatan kamfanin cittar su ankara, samari huɗu sun riga sun shigo, fuskokinsu ɗaure da ƙyalle. Rana tsaka ce, masu okada na ta hon a titin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Sakatariya ta ƙwala ihu, aka ɗauke ta da mari har ta kife kan kujera.

Ba su kalli akwatin kuɗi ba, ba su kuma tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka nufi ɗakin sanyi na ƙarshen baranda, inda Kumai, injiniyan da ke kula da na'urar ajiyar bayanai, yake zaune da abokiyar aikinsa Regina.

Kowa ya san abin da ke cikin ɗakin nan. Ranar Lahadin da ta wuce, jama'a na coci, aka shiga sito aka kwashe buhunan citta. Maigadi Luke ya ci karo da ɓarayin, ɗayansu ya rotse masa kai da ƙarfe. Nan aka tarar da shi kwance cikin jini, rediyonsa na ta waƙoƙin sujada. Kyamarar sito ta ga komai, amma wani ya goge bidiyon daga kwamfutar ɗakin gadi.

Sai dai gogewar ba ta kai ko'ina ba. Kowace awa na'urar ajiya takan ɗauki abin da injiniyoyi ke kira sinafshot, wato hoton yadda duk bayanan kamfani suke a wannan lokacin. Ba kwafe komai take yi ba, alama kawai take sawa. Duk abin da aka goge ko aka sauya daga baya, sai ta ɓoye tsohonsa a gefe. Shi kuwa hoton ba ya goguwa sai injiniya ya sa sunansa da lambar sirrinsa, na'urar kuma ta riƙe sunan wanda ya yi. Da yammacin nan 'yan sanda za su zo a dawo musu da safiyar Lahadi.

Kumai ne ya ɗauko Luke aiki daga Zonkwa. Tun ranar bai yi barcin kirki ba, ya rame, ko abinci sai Regina ta matsa masa.

Babban samarin ya shaƙo wuyan rigarsa, ya buga kansa da tebur.

"Kai ne injiniya? Goge hotunan Lahadi."

"Ba zan goge ba," in ji Kumai, jini na zuba daga goshinsa. "An kashe mutum."

Biyu suka danne hannunsa na hagu a kan tebur. Sandar ta sauka. Ƙarar karyewar yatsa ta sa Regina ta toshe kunnuwa tana kiran sunan Yesu. Sandar ta sake sauka. Kumai ya yi kururuwar da aka ji har bakin get, ma'aikatan da ke kwance a baranda suka fashe da kuka.

Duk da haka ya girgiza kai. Sai babban ya finciko Regina ta gashi, ya ɗora mata wuƙa a maƙogwaro.

"Oga Kumai, abeg!" ta ce. "Ka goge, ina da yara."

Nan ya sallama. Da hannunsa na dama, wanda ko ƙwarzane babu, ya sa suna da lambar sirri, ya zaɓi hotunan, ya danna. Ɗaya bayan ɗaya suka ɓace daga allon. Samarin ba su tsaya nan ba. Suka far wa na'urar da ƙarfe, suka zazzage faya-fayanta a ƙasa suna dakawa, suka tuttula musu fetur suka ƙyasta ashana. Sun san aikinsu. Hoton na zaune ne a cikin na'urar da ta ɗauke shi, in ta mutu, tare suke mutuwa, sai fa in an aika kwafinsa wata na'urar a wani wuri. Kamfanin ya sayi ta biyu ya ajiye a reshen Kachia tun bara, amma Kumai ya sha faɗa wa mai kamfani, Oga Okwudili, cewa layin intanet na can ba zai ɗauki nauyin ba tukuna.

Kumai na kallon hayaƙin ya sauke wani dogon numfashi, ya sume.

A gadon asibiti ya farka da la'asar, hannunsa naɗe da bandeji. Ɗakin cike da ma'aikata, har da matar Luke, wadda ta durƙusa tana sa masa albarka don ya tsaya wa jinin mijinta. Hawaye suka zubo masa.

Regina ta zauna a gefen gadon, wuyanta da filasta.

"Oga, daina kuka, wahalarka bai tafi banza ba. Bayan jana'iza Oga Okwudili ya aike ni Kachia, ya ce kar in gaya wa kowa sai polis sun zo. Layin yana aiki lafiya lau. Na haɗa na'urorin, duk hotunan sun wuce can, na kulle su yadda ko ni ba zan iya gogewa ba." Ta duba wayarta, ta yi murmushi. "Ga shi ma, Sufeton polis ya ce sun dawo da bidiyon, yanzu za su kunna."

Ɗakin ya ɗauki "Halleluya!" Matar Luke ta ɗaga hannuwa sama.

Kumai ya zuba wa bandejinsa ido. Shi da kansa ya nuna wa samarin yatsun da za su karya ranar da ya ɗauke su aikin a bayan kasuwa, domin fuskar da Sufeto ke shirin gani, tsaye a kan Luke da ƙarfe a hannu, tasa ce.