Aisin da Ke Zazzaɓi

Ina 'yar shekara tara wata malamar firamare daga Michika ta kawo tsohuwar kwamfuta shagon gyaran Baba a Mubi, naɗe cikin zani. Waƙoƙin coci da marigayi mijinta ya rubuta da harshen Kamwe suna ciki, kuma masu gyara biyu sun riga sun ce ta jefar.

Baba ya buɗe ta, ya kunna, sannan ya rufe ido. Ya riƙa ɗora bayan yatsarsa a kan aisi, ƙananan baƙaƙen sassan nan na cikinta masu ƙafafu kamar kyankyaso, ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, kwamfutarki ba ta mutu ba," in ji shi. "Wannan ɗaya ce ke zazzaɓi."

Ya ciro irinta daga wata matacciyar kwamfuta, ya liƙa da darma, ƙafa bayan ƙafa, ƙaurin ya cika shagon. Da rubutu ya fito a gilashin, Malama ta fara rera layin farko.

Yau ni nas ce. Duk sanda na ɗora bayan hannu a goshin yaro, sai in ji ƙaurin darmar nan, kuma ba na saurin yanke ƙauna.