Farin Yadin Ƙasan Adaka

"Share hawayenki, amarya," na ce wa jikata Nasira. "Tela ya ƙi? Ai ga ni."

Gobe maulidin makarantarsu, kuma malam ya ce duk yarinyar da ba ta da farin siket ba za ta shiga layi ba. Ni Zuberu ban taɓa zaman aji ba, amma bijimi ya soke ni a kasuwar shanu na tashi, mota ta kife da ni a Sofoline na fito ina kaɗe riga. Siket ne zai gagare ni?

Matata Safiatu ta tafi bikin suna a unguwar Ayigya. Na buɗe adakarta, can ƙasa na samu farin yadi sabo fil. Na gwada ƙugun yarinya da igiya, na yanka, na ɗinka da hannu, na zura roba. Gefe ɗaya ya fi tsawo, na ce mata haka ake yayi.

Nasira tana juyi a tsakar gida Safiatu ta shigo. Ta dafe ƙirji.

"Ei, Alhaji! Ina ka samo yadin nan?"

"A adakarki. Yaba gwani mana."

"Likkafaninka ne fa! Na saya bara da kana asibiti."

Nasira ta riƙe siket gam. "Kaka, ni dai ba zan cire ba."

Kashegari da shi ta shiga layi, a gaba ma. Ni kuwa yanzu ko mura ba na yarda ta kama ni, don Safiatu ta rantse ba za ta sayi na biyu ba.