Nisan Tankin Ruwa

Sau uku ke nan yana yi mata tambaya ɗaya, ita ma amsa ɗaya take ba shi.

"Na ga tankin, Yallaɓai."

Babban mai binciken hatsarin jirgin ya ja dogon tsaki, ya kalli tabarau ɗin da ke fuskarta kamar wanda ya tsinci ƙuda a shayi. Tun da ya iso da hantsi yake wannan yatsina. Ya hau benen ofishin yanayi yana toshe hanci da hankici, ya tsallake matakala ta uku da ke girgiɗi, ya sunkuya a ƙofar nan da ke fasa goshin baƙi, ya ce bai taɓa ganin ƙazamin ofis irin wannan ba.

Mai Tabarau ake kiranta a filin jirgin. Shekara tara tana aiki ɗaya: duk rabin awa ta fita baranda, ta dubi sama, ta dubi nesa, ta aika wa matuƙa jirgi rahoto. Nisan da ido ke iya gani kuwa da allon jikin bango ake auna shi, tsohuwar takarda a cikin gilashi mai jerin alamomi. Idan ka hango ƙarfen sabis, mita dubu uku ke nan. Idan tankin ruwa ne iyakar ganinka, dubu da ɗari biyu. Ƙasa da dubu ɗaya ba a yarda jirgi ya sauka ba.

Ranar Talata da safe, bayan ruwan kwana biyu, hazo ya lulluɓe filin. Ta fita, ta ga tanki, ta rubuta dubu da ɗari biyu. Matuƙin ya amince da ita ya sauko. Bai ga titin saukar ba sai da ya ci rabinsa, jirgin ya zarce ya kifa hanci a kwalbati. Mutum bakwai suna asibiti, cikinsu har da ma'aikaciyar jirgin da likitoci suka ce da wuya ta sake taka ƙasa.

Kwana uku ke nan ba ta iya cin abinci ba. Amma ta san abin da idonta ya gani.

"Da waɗannan kwalaben za ki ce kin gani?" in ji shi. "Irinku ne ke kashe mutane daga kan kujera."

Ta ce matuƙa sun sha ƙorafi a kan rahoton wannan ofis tun kafin a ɗauke ta aiki, takardun suna cikin kabad. Ko kallon kabad ɗin bai yi ba. Ta roƙe shi su fita a auna nisan tankin. Ya ce shi ba leburan safiyo ba ne, kuma takalminsa bai san laka ba.

Daga nan ya zaro koren biro ya sa hannu a takardar dakatar da ita, yana taƙama cewa tun da ya fara aiki bai taɓa rubutu da wani launi ba. Sa hannun nasa ya ƙare da wata lanƙwasa kamar wutsiyar kunama. Gobe zai miƙa rahoto, a soke lasisinta, watakila ma a kai ta kotu. Ya yi hamma ya tafi cin abincin rana.

Ƙyamarsa ta kama ta. Mutum ya zo da hukuncinsa a aljihu tun daga gida, sannan ya zauna yana ɓata mata yawun baki!

Ta sauka ta nufi titin jirgi, wanda ke rufe tun ranar hatsarin. Duk ma'aikacin filin ya san tsakanin fitilar gefen titi da 'yar'uwarta mita sittin ne cif. Ta fara ƙirgawa daga saitin baranda, laka tana cin takalminta. Fitila ta goma sha ɗaya ta tsaya daidai ƙafar tanki.

Mita ɗari shida da sittin. Ta dawo tana sake ƙirgawa, bai ƙaru ba. Ashe shekara da shekaru ofishin nan ƙarya yake shara wa matuƙa da zuciya ɗaya, saboda wani malalacin banza ya tsaya a baranda ya ƙiyasta da ido, ya rubuta, ya tafi abinsa.

Da mai binciken ya dawo yana sakace, ta faɗa masa. Ta zaci zai musa ko ya yi mamaki. Sai kawai ya tofar da tsinken.

"Ciro min allon. Zan tafi da shi a matsayin shaida."

"Ba za mu je ka ƙirga da kanka ba, Yallaɓai?"

"Ciro shi na ce. Kada ki buɗe, kawo shi yadda yake."

Ƙusoshin sun yi tsatsa, katakon ya ƙi barin bango. Ta sa bakin almakashi ta ɓamɓare gilashin, takardar ta zamo hannunta. Ya miƙo hannu da sauri har ya ture kofin ruwa, amma ta riga ta ga an naɗe ƙasan takardar ta baya, ta warware shi da babban yatsa.

An rubuta: "Na auna da kaina, na tabbatar." A ƙarƙashi akwai kwanan wata na shekara ashirin da shida da suka wuce, da sa hannu cikin koriyar tawada da ta koɗe, mai ƙarewa da wutsiyar kunama.