Ranar da Na Aske Gashin Baki

Shekara goma sha biyar ina tara gashin baki. Ran Talata na aske shi, na tashi daga gareji da wuri, na nufi gidan su telar da zan aura.

Tun da jinta ya ragu ta rufe shago, ta daina fita. Sau biyu likitan damuwa yana ba ta rana, ba ta je ba. Tsoronta kada a kira sunanta a layi ba ta ji ba, mutane su zuba mata ido.

Ta shigo falo, ta ajiye zoben alkawarin da na ba ta a kan tebur, kanta a sunkuye.

"Malam, ka nemi wadda za ku riƙa hira. Ni na zama kaya."

Ni ban iya lallashi ba. Na ƙwanƙwasa teburin kusa da hannunta har ta ɗago. Ta daɗe tana kallon fuskata.

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Ke kika ce yana rufe miki leɓena," na faɗa a hankali. "Jibi ƙarfe tara zan kai ki asibiti. Ni zan ji miki sunan."

Ta karanta duka a bakina, ban maimaita ba. Ba ta ɗauki zoben ba, ni ma ban taɓa shi ba.

"Ka zo takwas," ta ce. "Ana yin layi."