Marinin da Ya Cike Rijiyar Ubansa

Zauna ka ji, tun da kai ma na ga idonka ya fara raina abin gida. An yi wani marini a wani ɗan gari da ba a san shi da komai ba sai shuni. Ya gaji rijiyar baba, wato ramin rini, daga ubansa, wanda shi ma gadonta ya yi. A zamanin nan ƙarar mabuga, masu bugun rinannun tufafi, ke tashin gari, fatake kuma har daga Agadas suke zuwa sayen turkuɗi. Sai baƙi suka zo suka kafa masaƙa a bayan gari. Kafin ka ce kwabo mutane sun cika maƙil, kowane yare sai ka ji shi a bakin ƙofa, mai ƙosai ma sai da ta ƙara kasko. Marini ya dubi hannuwansa baƙaƙe ƙirin, ya dubi na ma'aikata fes, kunya ta kama shi. Ya kwaso ƙasa ya cike rijiyar, ya gina ɗakin haya a kanta, ya shiga layin masu amsa jiniyar masaƙa. Matarsa ta ce, "Malam, ko murfi ka sa mata mana." Ya ce, "Ke dai kawo ruwa in wanke hannu."

Hannu kuwa ya wanku. Ana nan har furfura ta fito masa, sai wata safiya jiniya ba ta yi kuka ba. Masu masaƙa suka loda injunansu a tirela, 'yan haya suka bi su ɗaya bayan ɗaya, jemagu suka gaje ginin masaƙar. Gari ya yi tsit, babu jiniya, babu bugu. Abin mamaki, ba jiniyar yake kewa ba. Warin baba yake ji a hancinsa, irin wanda da yake toshe hanci dominsa. Ya fasa daɓen ɗakin hayar, ya yi ta haƙa har ya tarar da rijiyar. Ya kwashe ƙasa, ya liƙe inda ta tsage da laso, simintin gargajiya, ya zuba ruwa da baba da toka, ya yi ta juyawa yana jiran kumfa. Ubansa da harshe yake gane baba ya nuna: ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce a ƙara toka ko a bari. Shi ma ya tsoma ya lasa. Ɗaci kawai ya ji, bai san me ɗacin ke faɗa ba, tsofaffin da za su gaya masa kuwa duk suna maƙabarta. Ya tsoma farin ƙyalle, ya fito kamar an wanke shi a kududdufi. Ya zauna a bakin rijiyar yana juya tafin hannunsa, fari tas, yadda ya so shi.

Ko taku ɗaya bai yi daga garinsu ba, amma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.