Sunan Ɗan Fari

Tun da sabuwar doka ta zo, ba mai ƙetare iyaka neman aiki sai uwarsa ta kira sunansa a gaban na'ura. Talatuwa kuwa, shekara talatin ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, don kunya.

Ga shi ya samu aikin jinya a Turai, tun asuba ake rangaɗa guɗa a gida. Da layi ya zo kansu a gaban na'urar, bakinsa har kunne.

"Inna, sau ɗaya tak!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Nafi'u."

Fitila ta kawo kore. Ya daka tsalle, 'yan layi suka ɗau tafi, ita ma dariya ta ƙwace mata.

"Nafi'u," na'urar ta maimaita, da muryar Talatuwa sak. "Mun gode, Inna. Daga yau mu za mu riƙa kiransa."